Klaus Miczek da bincikensa: abin da shan kashi ke yi wa ƙwaƙwalwa, da yadda yake jan jiki zuwa ga ƙwaya

Akwai tambayar da ke yawan dawo mana duk sa'ad da muka taɓo maganar ƙwaya a filin kiwon lafiya. Samari biyu suna zama fada ɗaya, sun ɗanɗana abu ɗaya rana ɗaya, amma ɗaya ya bari, ɗayan kuwa ya nutse. Me ya kawo haka? Wasu su ce tarbiyya, wasu su ce abokai, wasu su ce rashin aikin yi. Akwai wani malamin jami'a a Amurka da ya shafe sama da shekara 40 yana bin wani sashe na wannan tambaya a ɗakin gwaji, da ɓeraye da birai. Mun tattaro muku bayaninsa a nan don ya zauna, mai so ya dawo ya karanta, ko ya karanta wa wanda bai iya ba.

Wane ne shi

Sunansa Klaus Miczek, ana faɗinsa Micek. Ya fara karatu a Barlin ta ƙasar Jamus, ya yi digirin dokta a jami'ar Shikago a 1972, daga baya ya zauna a jami'ar Tufts da ke kusa da birnin Boston, inda ya yi mafi yawan aikinsa. Ya kuma daɗe cikin manyan editocin mujallar masana da ake kira Psychopharmacology.

Fanninsa ya haɗa abu biyu. Na ɗaya, yadda magani ko abin maye ke canza halin mai rai: ya sa shi faɗa, ko tsoro, ko barci, ko neman ƙari. Na biyu, abin da damuwa ke yi a cikin jiki. Damuwar da masana ke nufi a nan ta fi ta baki, abu ce da ake aunawa a jini. Tun 1936 wani likita mai suna Hans Selye, a Montreyal ta Kanada, ya nuna cewa ko da me aka wahalar da ɓera, sanyi ne ko rauni ko guba, jikinsa na mayar da martani iri ɗaya. Yau an san hanyar da abin ke bi. Idan mai rai ya ga barazana, wani lungu a ƙasan ƙwaƙwalwa na sakin wani sinadari da ake taƙaita sunansa da CRF, wanda aka gano a 1981. Shi ke aika saƙo har zuwa wasu ƴan ƙullutai biyu da ke zaune a kan ƙoda, su kuma su zuba kortizol cikin jini. Zuciya ta ƙara bugu, sukari ya hau, yunwa ta ɗauke, jiki ya shirya gudu ko kokawa. Wannan tanadi ne mai kyau ga wanda kare ya biyo. Matsalar tana zuwa ne idan abin ya yi ta maimaituwa.

Mai gida da baƙo

A da, idan masu bincike na son su jefa ɓera cikin damuwa, sai su ɗana masa lantarki a ƙafa, ko su matse shi cikin bututu, ko su sa shi a ruwan sanyi. Miczek ya bi wata hanya. Ɓera a rayuwarsa ba ya gamuwa da lantarki, amma kullum yana gamuwa da ɗan'uwansa ɓera da ya fi shi ƙarfi. Don haka tun ƙarshen shekarun 1970 ya tsara gwajin da ake kira na mai gida da baƙo.

Ga yadda ake yi. A bar wani ƙaton namijin ɓera ya zauna a kejinsa tare da mace har ya ɗauki wurin a matsayin gidansa. Ranar gwaji a fitar da macen, a saka baƙon namiji da bai kai shi girma ba. Mai gida zai tasar masa. Cikin ƴan mintoci baƙon zai kwanta rigingine ya nuna ya sallama, yana wani kuka siriri da kunnen mutum ba ya ji sai da na'ura. Da ya sallama sai a raba su. Sau da yawa a kan mayar da baƙon cikin ƙaramin keji na waya a cikin gidan wancan, inda ba a iya cizonsa amma yana ganin wanda ya kayar da shi, yana jin warinsa.

Ba ciwon jiki ne ke da nauyi a nan ba, domin raunin kaɗan ne ko babu. Kayen ne, da zaman jiran a sake. Shi da abokin aikinsa Walter Tornatzky sun dasa wa ɓerayen ƴan na'urori masu auna bugun zuciya da zafin jiki, suka ga cewa bayan irin wannan karo na ɗan lokaci, tsarin jikin na dare da rana kan rikice na kwanaki da yawa, ko da an mayar da ɓeran ɗakinsa babu mai taɓa shi.

Jiki na da nasa morfin

Aikin da ya fara fito da sunansa sosai ya fito a mujallar Science a 1982, shi da Michael Thompson da Louis Shuster. Sun yi shi da ƙananan ɓerayen nan da muke ce wa kusu. Suka ga kusun da aka kayar ba ya saurin janye wutsiyarsa idan aka haska mata zafi, kamar dai an yi masa allurar kashe ciwo. Da suka ba shi maganin da ke toshe aikin morfin a ƙwaƙwalwa, sai jin zafin ya dawo. Wato shan kashi na sa jiki ya saki nasa sinadaran masu kama da morfin.

Sai kuma suka juya gwajin. Kusun da ya riga ya saba da morfin, kaye ba ya kashe masa ciwo. Wanda kuma aka yi ta kayarwa kwana da kwanaki, in an ba shi morfin na gaske ba ya kama shi kamar yadda yake kama sauran. Ma'ana, wahala da ƙwaya ƙofa ɗaya suke shiga, kuma in ɗaya ta yawaita bi ta wurin, ɗayar ma sai ta tarar ƙofar ta sauya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa in mun zo maganar Tramol.

Wani abin mamaki ya biyo baya a 1996, a aikinsa da Jennifer Tidey. Akwai sinadarin da ake kira dofamin, wanda mutane suka fi sani da sinadarin daɗi, domin yana hawa in an ci abinci mai daɗi ko an sha abin maye. To, sai suka auna suka ga yana hawa a ƙwaƙwalwar ɓeran da ke fuskantar barazanar mai gida, a sassan nan da ƙwaya ke taɓawa. Ɓeran ba daɗi yake ji ba. Dofamin na yi wa ƙwaƙwalwa alama ne cewa wannan abu mai muhimmanci ne, ki kula, ki tuna.

Wahala mai zuwa ta tafi, da wahala mai zama

A ganinmu nan ne zuciyar aikin mutumin, kuma nan ya fi cancanta a tsaya.

Ana iya koya wa ɓera ya ba kansa ƙwaya. A saka masa ƴar siririyar roba a jijiya, kamar ta ƙarin ruwa, a haɗa ta da wani maɓalli a bangon keji. Duk sa'ad da ya danna, ɗigon hodar ibilis narkakkiya ya shiga jininsa. Da haka ake ƙirga sau nawa ya danna, da irin wahalar da zai yarda ya sha kafin ya samu ɗigo ɗaya.

Miczek da ɗalibinsa Herbert Covington suka ɗauki ɓeraye suka sa aka kayar da su sau 4 kacal cikin kwana 10: rana ta 1, ta 4, ta 7 da ta 10. Kowane karo na ƴan mintoci ne. Daga nan aka ƙyale su. Bayan kwanaki, da aka ba su ɗan abin maye kaɗan, sai suka fi sauran zabura da kai-komo, alamar ƙwaƙwalwarsu ta ƙara saurin amsa wa ƙwayar tun ba su taɓa saninta ba. Da aka buɗe musu maɓallin na awa 24 babu iyaka, ɓerayen da ba a taɓa kayarwa ba suka sha suka gaji suka bari, waɗanda aka kayar kuwa suka ci gaba da dannawa, suka sha fiye da su nesa. An sake gwadawa wata 2 bayan kayen ƙarshe, bambancin na nan.

A 2011 suka buga wani gwaji da ya kwatanta wannan da wani salo. Rukuni na biyu ba a kai su a dawo da su ba. An bar su zaune cikin kejin waya a gidan mai ƙarfin, dare da rana, kusan mako 5, suna ƙarƙashinsa. Mai hasashe zai ce waɗannan za su fi kowa shan ƙwaya tunda sun fi kowa wahala. Akasin haka aka gani. Sun rage shan ruwan zaƙi, wanda ɓera mai lafiya ba ya ƙi. Sun rage yawo da bincike. Dofamin ɗinsu ya daina hawa yadda ya kamata, hodar ma ba su neme ta kamar sauran ba. Abin ya fi kama da mutumin da komai ya fita ransa, wanda likitoci ke cewa yana da ciwon baƙin ciki mai tsanani.

Ke nan ba yawan wahalar kaɗai ake dubawa ba, har da yadda take zuwa. Wadda ke faɗowa ta ɗauke, ta sake faɗowa ba a san ranarta ba, tana wasa ƙwaƙwalwa ta koma mai kwaɗayin abin da zai motsa ta. Wadda ta zauna daram ba hutu tana dusashe ta. Mun san dukansu biyu a cikin mutane ko ba mu da sunansu: akwai yaron da ake ci wa mutunci yau, a ƙyale shi gobe, a sake jibi, akwai kuma matar da ta shekara goma a gidan da ba ta da bakin magana, har ta daina cewa komai na mata daɗi. Wannan kwatancin namu ne, ba na malamin ba. Shi da ɓera ya yi aiki, ɓera kuwa ba ya da bashi, ba ya da surukai, ba ya da salla da zai fake a cikinta.

Daga baya ɗalibansa sun nuna irin wannan ga giya: kusun da aka yi ta kayarwa ya fi shan barasa in an ajiye masa ita kusa da ruwa. Sun kuma bi sawun CRF ɗin nan da muka ambata har cikin wani ƙaramin wuri a tsakiyar ƙwaƙwalwa inda jijiyoyin dofamin ke tasowa. Idan aka ɗiga maganin da ke toshe CRF a daidai wurin kafin kowane kaye, ɓeran ba ya zama mai zarin hodar daga baya. An sa rai ƙwarai cewa za a samu maganin jaraba ta wannan hanya. Amma da wasu masana a Amurka suka gwada magunguna masu toshe CRF a kan mutane masu matsalar giya, wajen 2015 da 2016, ba su rage musu sha'awar sha ba. Har yau babu maganin jaraba irin wannan a farmasi, kuma duk wanda ya ce zai sayar muku da shi, ku riƙe kuɗinku.

Giya da faɗa

Ɗaya rabin aikin Miczek ya shafi mai gidan ne, wato mai kai harin. Kowa na cewa giya na sa faɗa. Shi ya auna. Ya ga cewa in aka ba ɓeraye giya daidai gwargwado, ba duka ke ƙara faɗa ba. Wani kaso ne, marasa rinjaye, ke zama masu cizo fiye da kima, kuma su ɗin ne dai kullum in an maimaita. Sauran ba sa canzawa, wasu ma sanyi suke yi. In giyar ta yi yawa kuwa, kowa kwanciya yake.

A 1985 shi da James Winslow sun gwada a kan wasu ƙananan birai na Kudancin Amurka masu zama garke. Giya kaɗan ta ƙara wa shugabannin garken faɗa, na ƙasa kuwa ba ta ƙara musu ba. Abu ɗaya aka sha, amma matsayin mai sha a cikin jama'arsa ya canza abin da ya fito.

Akwai kuma gwajin da ya ba mu dariya da farko, daga baya ya ba mu tsoro. An saba wa ɓera da faɗa a sa'a ɗaya kullum har kwana 10. Rana ta 11 ba a kawo masa kowa ba. Duk da haka da lokacin ya gabato, dofamin ya hau a ƙwaƙwalwarsa, wani sinadarin mai suna serotonin ya sauka, jiki ya shirya wa faɗan da babu shi. A wani gwajin ma kusu ya koyi tura hancinsa cikin rami sau da yawa don kawai a buɗe masa ƙofa ya samu wanda zai kai wa hari, kamar yadda zai yi don abinci. Cin nasara a faɗa na iya zama abin da ake jaraba da shi.

Wani abin da ya kamata masu sayen magani a tebur su sani: ƙwayoyin kwantar da hankali irin su diyazefam, wanda aka fi sani da Valium, suna aiki ne a wurin da giya ke aiki a ƙwaƙwalwa. Binciken Miczek ya nuna cewa kaɗan daga irinsu kan ƙara wa wasu dabbobin faɗa maimakon ya kwantar da su, balle an haɗa da giya. Haɗin nan biyu kuma yana iya danne numfashi.

Ba shi kaɗai ba

Wasu sun ɗauki hanyar sun ƙara gaba. A 2002 ƙungiyar Michael Nader a jami'ar Wake Forest ta haɗa birai da a da kowanne ke zaune shi kaɗai, ta bar su suka tsara wa kansu manya da ƙanana. Na ƙasan suka fi na saman ba kansu hodar ibilis. Ƙungiyar Eric Nestler kuma ta yi ta kayar da kusa kwana 10 a jere, ta ga mafi yawansu sun koma gudun ƴan'uwansu, amma wajen kashi ɗaya cikin uku sun fito ba su canza ba. Waɗanda suka canza ɗin, maganin ciwon baƙin ciki ya dawo da su, amma sai da aka yi makonni ana ba su kullum. Ƙwaya ɗaya ba ta yi komai ba. Haka yake ga mutane ma, shi ya sa likita ke cewa a ci gaba da sha ko ba a ga sauyi a makon farko ba.

Inda abin ya taɓo mu

Gwaje-gwajen Miczek sun fi yawa a kan hodar ibilis da giya da morfin. Abin da ya fi damun garuruwanmu kuwa, daga Maraɗi zuwa Damagaram, Tawa da Yamai, har wuraren haƙar zinariya na arewa, shi ne tramadol, wanda kowa ke kira Tramol. Amma dangantakar a fili take, domin tramadol ɗan gidan su morfin ne. Kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya haɗa shi a 1962, aka fara sayar da shi a 1977 don ciwo mai tsanani. Yana kama wuraren nan da morfin ɗin jiki ke kamawa, waɗanda aikin 1982 ya nuna kaye na motsawa. Ban da haka yana ƙara serotonin da wani ɗan'uwan adirenalin a ƙwaƙwalwa, shi ya sa mai shansa ke jin kamar ƙarfi ya zo masa, gajiya da ɓacin rai sun ɗauke.

Wannan ne ya sa ya shiga hannun ɗan kabu-kabu da mai dako da mai noman ƙodago da mai haƙa rami. Ba don nishaɗi da yawansu suka fara ba, don a iya aikin ne. Har dabbobi ana ba. A 2013 wasu masana sun ba da sanarwar sun samu tramadol a saiwar tafashiya a arewacin Kamaru, aka yi ta murna an ce itace na yin sa. Shekara ɗaya bayan haka wasu masanan daga Jamus suka nuna cewa manoman yankin ne ke sha suna kuma ba shanun huɗa, fitsari da kashi suka kai shi ƙasa, saiwa ta tsotsa.

A likitance, babba ba ya wuce miligiram 400 a yini, kuma ƙwayar asibiti yawanci 50 ce ko 100. Waɗanda ke yawo a kasuwa akwai na 120, da 200, da 225, har 250 a ƙwaya guda. Biyu daga cikin manyan sun riga sun haye iyaka. Yawancinsu daga Indiya suke fitowa, ƙasar da ta tsaurara dokar fitar da shi a 2018. A nan gida hukumar OCRTIS ce ke da alhakin yaƙi da fataucinsa.

Jiki na sabawa da shi kamar yadda kusun Miczek ya saba da morfin: abin da ɗaya ke yi bara, bana sai uku. In aka rasa shi kuma, tsarin damuwar nan na jiki ne ke tashi gaba ɗaya, da zufa, da zawo, da ciwon gaɓoɓi, da rashin barci, da faɗuwar gaba. Wanda ya fara sha don ya huta da wahala sai ya koma yana sha don gudun wahalar da rashin ƙwayar ke kawowa. Iyaye da yawa kan ɗauki mataki a nan da duka, ko ɗauri, ko tozarta yaro gaban jama'a. In aka dubi abin da kaye mai maimaituwa ya yi wa dabbobin nan, da wuya a ce wannan hanya na rage kwaɗayin ƙwaya.

Ga wanda ya daɗe yana sha, likitoci sun fi son a rage a hankali ƙarƙashin kulawarsu, musamman in akwai diyazefam a ciki, domin yanke shi farat ɗaya na iya kawo farfaɗiya. Shi kansa Tramol in ya yi yawa yana kawo ta, ko ga wanda bai taɓa yi ba. In mutum ya faɗi yana karkarwa, a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai buge shi, kada a tura masa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa ruwa ko nono. In numfashinsa ya yi ƙasa ko an kasa tashe shi, a garzaya da shi gidan likita mafi kusa, a tafi da kwalin abin da ya sha. Akwai allurar naloksan da ke warware aikin dangin morfin, irin maganin da aka toshe wa kusa da shi a gwajin 1982, sai dai ga tramadol rabin aiki take yi, tana taimakon numfashi amma ba ta hana farfaɗiya, don haka ko ya farfaɗo sai an riƙe shi an sa masa ido.